Linux 4.7: RAM ga ta nan a buɗe, amma kanel na kashe manhajoji saboda 16KB

Ranar 24 ga Yuli 2016 Linus Torvalds ya saki Linux 4.7, sabuwar sigar kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji memori da sauran kayan inji, kuma ba a yi wasu makonni ba sai ƙorafi ya fara isa wajen masu kula da ɓangaren memori, duk kusan kala ɗaya. Mutum na cikin aikinsa, wani yana harhaɗa kanel daga lambarsa, wani yana kwasar fayiloli zuwa bakof, wani ma ɗan karatu da rubutu ne kawai yake a diski ba wani nauyi ba, sai kawai ya ga an kashe mai manhaja. In ya buɗe log sai ya tarar OOM killer ne ya yi aikin. Shi wannan OOM killer ni hauni nake ce mai, don aikinsa kenan, in memori ya ƙare ƙaf babu sauran dabara sai a kira shi ya zaɓi firoses ɗaya, wato manhajar da ke kan gudana, ya kashe don sauran su rayu. To amma abin ɗaure kai a nan shi ne memorin bai ƙare ba. A cikin rahoton da haunin da kansa yake bugawa zaka ga akwai memori a buɗe, ga kash na fayiloli, wato kwafinsu da aka ajiye a RAM don sauri, jibge wanda ana iya zubar da shi a kowane lokaci, wani ma suwaf ɗinsa, wato wurin diski da ake zuba rarar memori, ko taɓa shi ba a yi sosai ba, amma an yi kisa.

Abu guda da ya haɗa rahotannin shi ne wata 'yar kalma a layin farko, order=2. Duk labarin yana cikin wannan 2 ɗin, saboda haka sai mun ɗan koma baya.

Kanel ba ya raba RAM da bayit bayit, yanka ta yake shafi shafi, kowane shafi 4KB a injinan x86. Mai rabon shafukan kuma tsohon tsari ne da ake ce wa buddy, Kenneth Knowlton ya yi rubutu a kansa tun 1965, kuma in ka taɓa ganin yadda ake yanka fili ka gama gane shi. Kana da fuloti, wani ya zo yana son kwata, sai ka raba fulotin biyu ka ajiye rabi, ɗaya rabin ka sake raba shi biyu ka ba shi kwatarsa ka ajiye ɗayar. Kowane yanki yana da ɗan tagwayensa, wanda aka tsaga su tare, in Hassan ya dawo hannu kuma Husaini ma babu kowa a kansa sai a haɗe su su koma babba. Amma fa da ɗan tagwayensa kaɗai yake haɗuwa, ko da maƙwabcinsa na ɗaya gefen a buɗe yake ba a haɗa su. Girman yankin shi ake kira oda: oda 0 shafi ɗaya, oda 1 shafi biyu 8KB, oda 2 shafi huɗu 16KB, oda 3 shafi takwas 32KB, haka ake ninkawa har oda 10 wanda shi ne shafi 1024, wato 4MB. Kenan order=2 na nufin wani ya nemi shafi huɗu a jere, manne da juna a ainihin RAM ɗin, kuma sun fara daga kan iyakar da ta dace.

Yanzu yi wannan lissafin da kanka, don ni shi ne ya fara buɗe min ido. A ce inji mai 8GB, a cikin kowane shafi huɗu ɗaya na hannun wani kuma ba ya motsuwa, ukun a buɗe. Kaga 6GB kenan babu kowa a kai, kashi 75 cikin ɗari, amma ko 16KB ɗaya tak a jere ba za ka samu ba a duk injin. Wannan shi ne rarrabewar memori, kamar gonar gado da aka yi ta yankawa har ta kai in ka haɗa kadadar da yawa amma babu inda tarakta za ta juya. Shi ya sa lambar da umarnin free ke nuna maka ba ta isa ta gaya maka lafiyar injin ba. A ƙasan rahoton haunin akwai layin da ke faɗin gaskiya, wanda ke jera adadin yankuna kamar kaza*4kB kaza*8kB, to a waɗannan rahotanni na 4.7 zaka ga dubban 4kB da 8kB, daga 16kB zuwa sama kuma sifili ne reras har ƙarshen layi.

Su manhajojin da muke amfani da su wannan bai dame su ba, saboda adireshin da suke gani na aro ne, kanel na iya tsinto shafi nan shafi can ya jera musu a teburin shafuka su ga kamar abu ɗaya ne miƙaƙƙe. Shi kanel ɗin ne da kansa da direbobinsa suke yawan neman na zahiri a jere. To a lokacin wa ke neman 16KB a kullum? Amsar ita ce fork, wato haihuwar sabon firoses. Kowane firoses da kowane tiredi, wato zaren aiki a cikin firoses, yana da sitak nasa na cikin kanel, wato ɗan wurin ajiyar wucin gadi na aikin da yake ciki, da can 8KB ne a x86-64, amma a 2014 Minchan Kim ya kawo rahoton sitak ya cika ya tumbatsa a wata doguwar hanya ta rubutu zuwa diski, Linus ya yarda aka ninka shi ya koma 16KB a 3.15. Gyara ne mai kyau a wurinsa, sai dai daga ranar duk wanda ya buɗe tasha ya rubuta ls, duk make da ya kira gcc, duk sabar da ta buɗe sabon tiredi, neman oda 2 ne ake yi. Harhaɗa kanel kaɗai fork dubbai ne. Kaga abin da a ka'ida ya kamata ya zama buƙata ta jefi jefi ya koma ruwan sha.

Sai tambaya ta biyu, me ke rarraba memorin tun farko. Shafuka ba halinsu ɗaya ba. Na manhajoji da na kash ɗin fayil ana iya ɗauke su a kai wani wuri a gyara teburi, ba wanda zai sani. Amma na cikin kanel akwai masu nuni kai tsaye zuwa adireshinsu a wurare barkatai, in ka matsar da su ka karya komai, don haka inda aka dasa su nan suke har a sake su. Babban misali shi ne silab, inda kanel ke ajiye ƙananan abubuwa irin su dentry da inode, wato bayanan da yake riƙewa game da sunan fayil da kuma shi fayil ɗin. Dentry ɗaya bayit 192 ne a x86-64, guda 21 ke shiga shafi ɗaya. Ana iya zubar da su in an matsu, gaskiya ne, amma ana zubarwa ne bisa wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba, ba bisa inda yake zaune ba, saboda haka sai ka zubar da 20 ɗaya ya rage ana amfani da shi, shikenan ya riƙe shafin gaba ɗaya, shafin kuma ya hana 'yan uwansa uku haɗuwa. Yanzu ka ɗauki injin bakof da ke bin miliyoyin ƙananan fayiloli da cp da rm da rsync dare da rana, ai shuka irin waɗannan turakun kawai yake a ko'ina.

Ba wai ba a san da matsalar ba ne. Mel Gorman ya yi shekaru a kanta, a 2.6.24 farkon 2008 aka shigar da tsarinsa na ware shafuka bisa motsi: a yanka memori unguwa unguwa, kowace 2MB wato shafi 512, a ce wannan unguwar ta masu motsi ce, wannan ta marasa motsi, wannan ta waɗanda ake iya ƙwatowa. Dabara ce mai kyau ƙwarai amma tana da ƙofar baya, in marasa motsi suka cika unguwarsu ba a ce musu babu, sai su tsallaka su ci ta maƙwabta, in suka ci da yawa ma sai a canja wa unguwar suna ta koma tasu. Inji ya yi kwanaki yana aiki a matse sai ka ga unguwannin marasa motsi sun yi yawa fiye da kima, ko da kuwa yawancin shafukan cikinsu yanzu a buɗe suke ko masu motsi ne suka dawo ciki. Sannan a 2.6.35 cikin 2010 shi Mel ɗin ya kawo aikin tattarawa, wanda a lambar kanel sunansa compaction. Ma'aikata biyu ne, ɗaya ya taso daga ƙasan yankin memori yana tsintar shafuka masu motsi, ɗaya ya taso daga sama yana neman guraben da za a zuba su, suna tafe har su haɗu a tsakiya, in an yi sa'a ƙasan ya share an sami manyan yankuna.

Riƙe wannan da kyau don shi ne gindin maganar: an gina tattarawar nan ne da tunanin manyan shafuka na 2MB, irin THP ɗin da Andrea Arcangeli ya kawo a 2.6.38, wanda ke ba manhaja babban shafi ba tare da ta nema ba. Su kuma waɗannan in an samu alhamdulillahi, in ba a samu ba a koma ƙananan shafuka ba wanda ya mutu. Saboda haka aka koya wa mai tattarawa saurin haƙura. Unguwar da ya duba kwanan nan bai samu komai ba sai ya sa mata alama ya tsallake ta a gaba. In ya gaza sai ya ɗaga ƙafa, ya ƙi sake gwadawa na wasu zagaye, har zuwa 64. Mai neman gurabe kuma ba ya ko leƙa unguwar marasa motsi, don a ganinsa ɓata lokaci ne. Duk wannan daidai ne ga mai neman ƙarin gudu. Ba a taɓa gina shi don ya zama mai ba da shaidar da za a yanke hukuncin kisa a kanta ba.

To kafin 4.7 ya ake yi ba a ga wannan kisan ba? Akwai wata al'ada a kanel da ba a rubuta ta a takarda ba, wadda ta fito fili ƙarshen 2014 lokacin da Tetsuo Handa ya yi ta tono hanyoyin da inji ke sandarewa in memori ya ƙare, wato buƙatar da ba ta wuce oda 3 ba, in dai mai nema zai iya jira, ba a ce mai babu. Sai dai a yi ta zagaye, a ƙwato shafuka, a sake gwadawa, in duk ya ƙi a kira hauni. Tsohon ma'aunin sanin cewa ya ƙi kuwa wani irin abu ne: ana ɗaukar babban sashen memori bai mutu ba matuƙar shafukan da aka bincika ba su kai ninki shida na waɗanda ake iya ƙwatowa ba, kuma da an saki shafi ɗaya tak sai lissafin ya koma sifili. Wannan ma'aunin ya azabtar da mutane wallahi, duk wanda ya yi amfani da Linux a ƙaramar kwamfuta a wancan lokaci ya san shi, memori ya cika, fitilar diski ta kama ta ƙi mutuwa, linzami ya daina motsi, ka zauna minti goma ko fiye kana jiran haunin ya zo ya raba gardama amma shiru, ƙarshe sai ka danne maɓallin kashewa. Wani lokacin kuma ya zo da wuri ba dalili. Ba mai iya ce maka ga lokacin da zai zo.

Amma wannan taurin kan nasa yana da wata fa'ida da ba a lura da ita sosai ba. Mai neman oda 2 zai yi ta zagaye matuƙar ana samun ko ɗan ci gaba wajen ƙwato, ana ta zubar da kash ana ta zubar da silab, har a dace wani wuri shafi huɗu su buɗe a jere. Ƙarfi ne kawai ba dabara, amma yana rufe ramin rarrabewa ba tare da kowa ya san akwai ramin ba.

Michal Hocko na kamfanin SUSE shi ya ɗauki nauyin gyara ma'aunin, kuma ni dai ina ganin aikin da ya kamata a yi ne, duk da abin da ya biyo baya. Tunaninsa a sarari yake. Maimakon ƙirga bincike, a tambayi abu mai ma'ana: in da za a ƙwato duk abin da ake iya ƙwatowa, buƙatar nan za ta biya? In eh a ci gaba, in an yi zagaye 16 a jere babu ci gaba a haƙura a kira hauni. Wannan shi ne should_reclaim_retry. Ga oda 0 ya yi aiki yadda ake so. Ga oda sama da sifili kuwa lissafin jimla ba ya amsa tambayar, don ko ka ƙwato 4GB ba wanda ya yi maka alkawarin a jere za su fito, gwajin kuma yana duba ko akwai yanki mai wannan girman a buɗe yanzu yanzu, in babu sai ya ce ƙwato ba zai taimaka ba. Sai aka ƙara mataki na biyu, should_compact_retry, wato a tambayi mai tattarawa ra'ayinsa. In ya ce na bi yankin duka ban samu ba, a ba shi dama ɗaya ya sake da ɗan ƙarin nauyi, in ya sake cewa babu, shikenan sai hauni.

Tun lokacin gwaji an ga alama. Hugh Dickins, wanda tsohon hannu ne a wannan ɓangare, ya ci karo da kisan oda 2 yana harhaɗa kanel a injin da aka matse wa memori, aka ƙara faci, wato ɗan gyaran lamba, don kare ƙananan oda. Joonsoo Kim kuma ya nuna damuwa a fili cewa jingina hukunci kan amsar mai tattarawa akwai haɗari, domin shi ya san cikin lambar tattarawar sosai. An gyara abin da aka gani, gwaje-gwajen da ke hannu suka wuce lafiya, aka shigar. Sai dai injin gwaji ba ya kwana goma yana cin ƙananan fayiloli, injin mutane kuwa yana yi.

Da rahotanni suka taru aka nemi masu ƙorafin su turo abin da ke cikin /proc/pagetypeinfo da sauran alƙaluma, sai hoton ya fito. Silab ya yi yawa, yawanci dentry da inode, unguwannin da ke ɗauke da sunan marasa motsi sun yi yawa ƙwarai, mai neman gurabe yana ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya, kafin ka ce kwabo ya haɗu da ɗan uwansa a tsakiya bai sami inda zai zuba komai ba, sai ya dawo ya ce na gama ban samu ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba a bisa yadda aka koya masa, ya gama ɗin, amma gamawar mai tsallake rabin gari ce. A cikin unguwannin da ya ƙi shiga akwai gurabe birjik, kuma 16KB kawai ake nema ba 2MB ba, matsar da shafi ɗaya ko biyu ya isa. Mai yanke hukunci ya ɗauki wannan amsar kamar an bincike ko'ina, ya aika hauni.

Abin da ya fi ci min rai a lamarin shi ne kisan ma ba lallai ya magance komai ba. Haunin yana zaɓar wanda ya fi cin memori ne, ya kashe burauza ko ma'ajiyar bayanai, shafukansu su dawo, a dace wasu su haɗu a samu 16KB na ɗan lokaci, turakun silab kuwa suna nan daram inda suke don ba na wanda aka kashe ba ne. Bayan ɗan lokaci sai a sake. Mutum ya rasa aikin da ya yi awa uku yana yi, ba don RAM ɗinsa ta yi kaɗan ba, kuma in ya je ya sayo ƙarin RAM ma ba tabbas, jinkirta ranar kawai ya yi.

Gyaran ya zo hawa biyu, kuma yadda aka yi shi ya burge ni. Vlastimil Babka, shi ma na SUSE, dama yana da jerin faci a hanya da ke gyara ita tattarawar daga tushe, waɗanda suka gwada kuma suka ce kisan ya tsaya, amma facin sun yi girma a cusa su cikin 4.8 da ke dab da fita balle a mayar da su 4.7 da mutane ke kai. Sai Michal ya rubuta ɗan ƙaramin faci da ya janye ƙafa daga nasa aikin, ya ce a daina sauraron amsar mai tattarawa kwata kwata, a ci gaba da zagaye matuƙar oda 0 bai shiga matsala ba, wato dai kusan irin taurin kan da. Dama haka ake yi wa kanel ɗin da aka harhaɗa ba tare da tattarawa ba, sai aka ari wannan hanyar. Ya shiga kafin 4.8 ta fita ranar 2 ga Oktoba 2016, aka kuma kai shi jerin 4.7 na gyare-gyare. Mutum ya yi watanni yana kare tsari sannan hujja ta zo ya ajiye wani sashe nasa da hannunsa don mutane su samu sauƙi yau, ba kowa ke iya wannan ba, a ofis ko a ko'ina.

Sai 4.9 ranar 11 ga Disamba 2016, inda gyaran gaske ya sauka. Vlastimil ya yi wa tattarawa matakan ƙoƙari, na ƙarshe shi ne COMPACT_PRIO_SYNC_FULL, wanda a cikinsa babu ɗaga ƙafa, babu kula da alamar tsallake, a fara daga farkon yankin har ƙarshensa, mai neman gurabe kuma ya shiga kowace unguwa ko sunan wa take ɗauke da shi. An keɓe wannan matakin ga oda 3 zuwa ƙasa, su da in an gaza kisa ne zai biyo baya, manyan oda kuwa ba a wahalar da inji a kansu tunda su ana iya ce musu babu. Da wannan ya zauna sai aka cire ɗan facin wucin gadin aka dawo da sauraron mai tattarawa, don yanzu in ya ce babu to ya duba da gaske.

A wannan sigar dai wani gyaran ya shigo ta wata ƙofa daban, kuma a ganina shi ya fi cire ƙayar. Andy Lutomirski ya mayar da sitak ɗin kanel na x86-64 zuwa yankin vmalloc, abin da ake kira VMAP_STACK. Shi dalilinsa tsaro ne, yana son a sa shafin gadi a gefen kowane sitak yadda in ya tumbatsa za a kama nan take maimakon ya lalata maƙwabci a ɓoye. Amma ribar ƙafa ita ce vmalloc shafuka ɗaiɗai yake tsintowa ya jera su da adireshin aro, kenan fork ya daina neman oda 2, shafi huɗu ko daga ina sun wadatar. Ba kyauta aka samu ba fa, direbobi da dama musamman na USB da suka saba miƙa wa na'ura adireshin abin da ke kan sitak don DMA, wato na'urar ta karanta ko ta rubuta a RAM kai tsaye, sun karye sai da aka bi su ana gyarawa, kuma don kada fork ya yi nauyi sai da aka riƙa ajiye sitak biyu a kowane CPU don sake amfani. Bayan nan a 4.12 Michal ya kawo kvmalloc a matsayin hanya ɗaya ga kowa, ka gwada a jere in bai samu cikin sauƙi ba ka koma vmalloc, dama wurare da yawa kowa ya rubuta irin nasa. SLUB, mai kula da silab, ma haka yake, yana son babban yanki amma in babu sai ya sauko mafi ƙanƙantar da zai ɗauki abin.

Mafi yawan mutane ba su ma san an yi ba, tunda Ubuntu 16.04 na kan 4.4, Debian 9 kuma da ta fito a 2017 kan 4.9 ta sauka, waɗanda suka sha wuyar su ne masu bin sabon kanel da zafinsa da masu harhaɗa nasu. Kuma su ɗin ne suka zauna suna maimaita aikin da ke kashe musu inji, suna turo alƙaluma, suna gwada faci bayan faci, ba don an biya su ba. Wayoyin Android masu yawa da suka zo hannunmu daga baya kan 4.9 suke, kenan gyaran da aka yi da wahalar waɗancan mutanen yana aljihun wanda bai taɓa jin sunan buddy ba.

Rarrabewar kanta ba ta tafi ko'ina ba. A 5.0 Mel Gorman ya ƙara dabarar rage cin unguwar maƙwabta tare da watermark_boost_factor, a 5.9 cikin 2020 Nitin Gupta ya kawo tattarawa tun kafin a nema, wadda ake saitawa da vm.compaction_proactiveness, kuma har yau zaka iya ganin page allocation failure, wato gazawar rabon shafi, a dmesg, log ɗin kanel, musamman daga direban katin netwok da ke neman babban yanki a yanayin GFP_ATOMIC, inda ba shi da damar jira a ƙwato ko a tattara, in babu a take to babu. Irin wannan ba ya kiran hauni, fakiti ne kawai ke faɗuwa, shi ya sa mutane ke ɗaga vm.min_free_kbytes don ajiyar gaggawa ta ƙaru, wani lokacin ya taimaka wani lokacin RAM kawai ka ɗaure a banza.

Don haka in ka ga kisa ko gazawar rabo a injinka, dan Allah kafin ka yi odar RAM duba lambar da ke gaban order tukuna. In sifili ce to memori ne ya ƙare da gaske, ko wata iyaka ta cgroup, wato iyakar memori da aka sa wa rukunin firoses. In 2 ce ko 3 ko fiye, buɗe /proc/buddyinfo, kowane ginshiƙi oda ɗaya ne daga 0 a hagu zuwa 10 a dama, ka ga daga ina sifili ya fara, sannan umarnin slabtop ya nuna maka wa ya cika silab. Kana iya rubuta 1 a /proc/sys/vm/compact_memory ka sake duba buddyinfo ɗin. In ginshiƙan dama suka cika, shafukanka masu motsi ne kuma tattarawa ce ba ta zuwa a kan lokaci. In ba su motsa ba, turaku ne, sai ka koma /proc/pagetypeinfo ka ƙirga unguwa nawa ke ƙarƙashin Unmovable, wato marasa motsi.